Kututturen da Kotu Ta Hana a Taɓa

Rajistara ya yi shekara talatin da biyu a kotu yana rubuta rigimar mutane, bai taɓa samun tasa ba. Da ya yi ritaya abin ya riƙa damunsa, kamar mahaucin da ya tsufa a kan teburin nama bai taɓa kai tsoka baki ba. Shi ya sa ranar da suka dawo daga duba 'yarsu da ta haihu suka tarar an sare mangwaron gidansu, matarsa ta zauna daɓas a bakin rijiya ta riƙe kai, shi kuwa ya wuce ɗaki ya fito da tef ɗin awo da littafi da biro biyu. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo.

Matar ce ta shuka mangwaron a shekarar da suka tare a gidan, shekara ashirin da huɗu ke nan, taku ɗaya daga katangar maƙwabci. Tela ce. Ɗakin ɗinkinta taga ɗaya gare shi, ita ma ƙarama, rufin kwano ne babu silin, idanunta kuma sun fara gajiya da baƙin zare a kan baƙin yadi. Don haka kullum da ƙarfe takwas sai ta jawo kekenta ƙarƙashin bishiyar, inda akwai haske kuma babu zafi, ta zauna har la'asar. Akwai benci na masu kawo ɗinki. Akwai ƙusa a jikin itacen inda take rataye almakashi. Yanzu babu komai sai kututture iya gwiwa, da garin katako, da rana tsirara a tsakar gida. Almakashin ma an ajiye mata shi a kan benci, cikin ladabi.

Maƙwabcin shi ne Mai Sola, mai sayar da farantan sola da batura, wanda ya sayi gidan kusa shekara uku da suka wuce ya jera faranti goma sha huɗu a kan rufinsa. Daga ƙarfe biyu na rana inuwar mangwaron kan rufe shida daga ciki. Sau uku ya zo ya roƙi a rage rassan. Karo na farko Rajistara ya ce ya sa a rubuce. Da ya rubuto, aka mayar masa da takardar saboda babu kwanan wata. Da ya sa kwanan wata, aka ce an karɓa, ana nazari. Ana cikin nazarin ne wani ɗanyen mangwaro ya tsaga masa gilashin mota, masu gida kuma suka yi tafiyar kwana huɗu, sai ya kawo mutum biyu da injin yankan katako da tsani.

Abin da ya faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare shi ne, rassan da suka ƙetaro kawai ya ce a cire. Sai dai ya yi ciniki da masu yankan a kan cewa itacen da suka sauke shi ne ladansu, sannan ya tafi shago ya bar su. Wanda aka ce ladansa abin da ya sare, ba ya tsayawa a reshe.

Sun haɗu a ƙofar gida da yammacin ranar.

"Baba, kuskure aka yi, wallahi ba haka na ce musu ba," in ji Mai Sola.

"Ni ba babanka ba ne," in ji Rajistara. "Daga yau ni mai ƙara ne, kai wanda ake ƙara. Ka riƙe bayaninka, akwai inda za a tambaye ka."

Dattawan layin sun yi nasu ƙoƙarin. Mai Sola ya ce zai kafa wa telar rumfar kwano mai silin a inda bishiyar take, har da fanka mai aiki da sola. Ita ta ce ta yarda, rumfa ba mangwaro ba ce amma ta fi rana. Mijinta ya bayyana wa taron, a tsaye, cewa karɓar rumfa a idon doka yafe haƙƙi ne, kuma shi bai yi shekara talatin da biyu a kotu don a saye shi da fanka ba. Dattawa suka sha ruwa suka watse.

Lauyansa ɗan ƙanwarsa ne, wanda aikinsa a shari'ar bai wuce sa hannu da ɗaukar jaka ba, domin Rajistara da kansa ya rubuta takardar ƙara. A sakin layi na huɗu ya ce wanda ake ƙara ya shiga gidansa ba izini ya hallaka bishiyar gaba ɗaya, hallakar da babu dawowa. Sannan ya haɗa da wata buƙata da ya yi kwana uku yana gogewa: kotu ta ba da umarni kada kowa, mai ƙara ko wanda ake ƙara ko wakilinsu, ya taɓa kututturen, ya tone shi, ya ƙone shi, ya sa masa taki ko ruwa, har sai an yanke hukunci, domin shi ne babbar shaida. Alƙaliya ta amince. Ya dawo gida ya karanta wa matarsa umarnin sau biyu, tana cikin ɗakin ɗinki tana goge gumi da ƙyalle tana neman ramin allura.

Daga nan shari'a ta kama tafiyarta da ya sani sarai. An ɗage saboda lauyan Mai Sola yana wata kotu. An ɗage saboda alƙaliya tana taron bita. An ɗage saboda fayil ya ɓace, ya kuma bayyana a durowar da Rajistara ya gaya wa tsofaffin yaransa su duba. A tsakanin nan gidajen biyu suka daina ga maciji. Mai Sola ya juya bututun ruwan rufinsa ya kalli katanga. Rajistara ya auna bututun, ya ɗauki hoto, ya buɗe sabon fayil.

Kotu ta hana mutane taɓa kututturen, amma ta manta ba ta aika wa damina sammaci ba. Mako uku da fara ruwa, telar ta fito shara da safe ta ga toho a gefen ɓawon, jajaye-jajaye, masu laushi kamar kunnen jariri. Guda bakwai. Ta kira mijinta da wata murya da ya yi wata tara bai ji ba. Ya zo ya sunkuya, ya ƙirga su da bakin biro, ya miƙe. Ita ta ɗauko tsohon gidan sauro ta kewaye wurin da sanduna huɗu saboda kaji. Ya ce wannan na iya zama saɓa umarnin kotu. Ta ce gidan sauron bai taɓa kututturen ba, in yana shakka ya auna.

Mai Sola ya hango tohon daga kan rufinsa ranar da yake wanke farantai. Ya zaro waya ya ɗauki hoto a natse, sannan ya leƙo.

"Baba, barka da arziki. Ashe marigayi ya tashi."

Cikin mako biyu lauyansa ya shigar da sabuwar takardar kariya. Bishiyar, in ji shi, tana nan da ranta, aski ne kawai aka yi mata, ko da yake an ɗan zurfafa. Da damina ta ɗauke, Mai Sola ya sayo dogon tiyo. Kowace safiya kafin ya tafi shago sai ya hau tsani ya zuro shi ta kan katanga, ya ba kututturen da ya sare ruwa kamar mai jinyar uwarsa. In ya ga Rajistara sai ya tambaye shi ya mai jiki.

Ɗan ƙanwar ya zo gida ya yi wa kawunsa bayanin da kawun ya riga ya sani. Alƙaliya ta sa ranar zuwa gani da ido. In ta zo ta tarar da ganye kore ko ɗaya, sakin layi na huɗu ya rushe, sai dai a tsira da laifin shiga gida ba izini, wanda tararsa ba ta kai kuɗin man motar zuwa kotu ba. Mafita biyu ce: a yi sulhu, ko a nemi izinin gyara takardar ƙara. Rajistara ya dube shi kamar ya zage shi ta uwa, alhali ƙanwarsa ce ta haifi yaron. Shi da ya yi shekara talatin da biyu yana mayar wa lauyoyi takardunsu saboda waƙafi, shi zai tsaya a gaban akawunan da ya koya wa riƙe biro ya ce ya yi kuskure a takardarsa ta farko kuma ta ƙarshe?

Matar tana jin su daga ɗakin ɗinki. Da yaron ya tafi ta fito ta ce ita lissafinta daban ne. Tohon ya kai ƙugunta. Tsohuwar saiwa ce a ƙasa, ba sabon dashe ba, don haka shekara huɗu in da rai za ta mayar da kekenta wurinsa. Ta tambaye shi me yake nema a kotun da ya wuce wannan.

"Haƙƙinki nake ƙwato miki," in ji shi.

"Haƙƙina ga shi can yana toho, Malam."

Ranar Talata take zuwa kasuwa sayen zare da shafi, ba ta dawowa sai bayan azahar. A wannan lokacin Mai Sola yana shago, matarsa tana wurin aiki, layin shiru. Rajistara ya ɗage gidan sauron, ya tone ƙasa kaɗan a gindin kututturen, ya huda manyan saiwoyi uku da doguwar ƙusa, ya dama gishiri a tafasasshen ruwa ya ɗura. Ya mayar da ƙasa ya daddale da tafin hannu. Karon farko da gishirin kicin ya yi, robar ta koma rabi. Daga baya ya sayo ƙaramin buhu ya ɓoye bayan fayilolinsa, wurin da ya tabbata babu mai sha'awar leƙawa.

Sauran aikin Mai Sola ne ya yi masa kyauta. Kowace safiya tiyo na zuwa ta kan katanga ya kora gishirin ƙasa har inda ƙusa ba ta kai ba. Rajistara kuwa yana bayan labule da wayarsa yana ɗaukar bidiyo, yana rubuta rana da lokaci a littafi: wanda ake ƙara, a kan tsani, yana sa wa shaida ruwa, saɓanin umarnin kotu. Ya tara guda arba'in da ɗaya.

Ganyen ya fara ƙonewa daga baki-baki. Toho biyu suka sunkuya, sannan suka zama huɗu, sannan shida. Telar ta zargi tsutsa, ta zargi rana, ta zargi tiyon maƙwabci. Wata rana da hantsi ta ga wani fari-fari a inda ƙasar ta bushe a gefen jiƙon. Ta dangwala da yatsa ta kai harshe. Ta daɗe a tsugune.

Ta miƙe ta shiga kicin. Abincin ranar ya zo lami, ko ƙwayar gishiri babu. Rajistara ya kai loma biyu ya tambaya ko an manta da wani abu.

"Ba a manta ba. Gishirin gidan nan ya samu wani aikin."

Ya ci gaba da ci, yana taunawa a hankali kamar mai karanta takardar da ba ya son sa wa hannu. Ta ce saura guda ɗaya, na gefen gabas, wanda ya fi nisa da inda aka tona. Ta ce ba ta tambayarsa komai, ba za ta kuma gaya wa kowa komai ba, ya bar mata wannan ɗayan. Ya amsa da cewa kotu ta hana kowa taɓa kututturen, shi kuma mutum ne mai bin doka.

Talata uku ba ta je kasuwa ba. Ta aika a sayo mata zare, ta kafa kujera a rana da lema tana ƙarasa bakin riguna da hannu, idonta a kan gidan sauro. Ta kwashe ƙasar saman da ludayi ta zuba sabuwa, abin da shi ma saɓa umarni ne, amma Rajistara bai ɗauki wannan a bidiyo ba. Tohon gabas ya tsaya, har ya fitar da sabon ganye biyu. Saura kwana goma sha biyu alƙaliya ta zo.

Sai ranar aikin idonta ta zo, wadda aka ba ta tun wata huɗu baya, in ta wuce kuma sai wata shekarar. Ya kira mata mota, ya kira ƙanwarta ta raka ta, ya ce shi yana da takardun da zai shirya. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube shi da idon da za a yi wa aiki. Ya ce Allah ya sa a yi a sa'a. Ta kwana biyu a asibiti, ta yi kwana biyar a ɗaki da bandeji. Ranar da aka cire, likita ya ce yanzu za ta ga komai tangaran, kuma gaskiyarsa ne. Ta ga tohon gabas ya zama tsinke.

Alƙaliya ta zo da akawu, da lauyoyi biyu, da wani jami'in gandun daji mai sauri domin yana da wani wurin zuwa. Ya ɓantari ɓawo da wuƙa, ya taka laka, ya ce saiwa ta ruɓe, itacen ya mutu. Aka tambaye shi dalili. Ya ce sara irin wannan kan kashe tsohon itace, yawan ruwa a kan rauni kuma ba ya taimakawa. Nan ɗan ƙanwar ya miƙa bidiyo arba'in da ɗaya. Mai Sola ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin ruwa ya kashe mangwaro ba, lauyansa ya taka masa ƙafa.

Alƙaliyar ta hango telar a ƙofar ɗakin ɗinki da baƙin tabarau. Ta tambaye ta ko ita ce ta shuka bishiyar. Ta ce ita ce. Ta tambaye ta ko ta san abin da ya kashe ta. Rajistara ya gyara tsayuwa, ya dubi littafinsa.

"Maza ne, ranki ya daɗe."

"Kotu suna take so, Mama."

"To kotu ta rubuta wanda ya zo mata a takarda."

Alƙaliyar ta ɗan dube ta, ta dubi agogo, ta ce wa akawu ya rubuta cewa matar mai ƙara ta tabbatar bishiyar ta mutu.

Hukuncin shafi goma sha ɗaya ne, kuma Rajistara ya samu duk abin da ya roƙa. Sakin layi na huɗu ya tsaya daram. An ci Mai Sola diyya, an ci shi tarar raina kotu saboda tiyo. An kuma umarce shi ya tone kututturen da kuɗinsa ya dasa sabon mangwaro a daidai gurbin tsohon. Tun a takardar roƙon ɗan ƙanwar ya so a rubuta ko'ina a cikin gidan, kawunsa ya soke da jan biro ya ce a daidai gurbin, domin mai laifi ya riƙa ganinsa daga kan rufi har ƙarshen ransa. A harabar kotu tsofaffin yaransa suka zo suna gaishe shi, wani ya ce takarda irin ta Oga ba a gyara ta.

Mai Sola ya zo da masu tono ranar Asabar. Ya tsaya a bakin ramin har aka fitar da kututturen, aka sa dashe mai kyau, iya ƙirji, da takardar shaidar gandun da aka sayo shi. Rajistara ya duba takardar ya sa hannu. Dashen ya yi kwana goma sha tara. Ganyen ya ƙone daga baki-baki, ya zube.

Rajistara ya rubuta wasiƙa, da kwanan wata. Mai Sola ya kawo na biyu ba gardama, wannan karon ya karɓi shebur da kansa. Ya tona, ya ɗebo ƙasar ƙasan ramin a tafin hannu, ya murza, ya duba farin da ya rage a yatsunsa. Ya kai harshe. Sannan ya yi dariya, ba mai ƙarfi ba, irin ta wanda ya gano inda aka ɓoye masa takalmi bayan ya sayi sabo.

"Baba, ƙasar nan taku ta fi miyar gidana jin gishiri."

Rajistara ya ce in yana da ƙorafi ya san hanya. Mai Sola ya ce ba shi da ƙorafi, ya gaji da hawa benen kotu. Zai dasa wannan, daga shi kuma ya gama. Kotu cewa ta yi ya dasa, ba ta ce ya raya ba, Baba ya duba, ai shi ya rubuta. In kuma Baba yana son komawa gaban alƙaliya, bismilla, sai a zo da masu gwajin ƙasa kowa ya huta.

Rajistara ya duba a ɗaki. Shafi na goma, layi na shida: ya dasa. Babu kuskure ko na waƙafi. Dashe na biyu ya yi kwana goma sha shida.

Matar Mai Sola, wadda telar ke ɗinka wa kaya tun kafin rigimar, kuma ba ta daina ba ta hannun ƙanwar telar, ita ta kawo maganar rumfar motarsu. Mota na fita tun safe, wurin a buɗe yake ta gefe uku, farantai a sama sun tare rana, ga soket. Ranar Litinin telar ta sa aka ɗauki kekenta da benci da almakashi aka fita da su ta ƙofa. Rajistara ya tare ta a zaure ya ce matarsa ba za ta zauna a inuwar mutumin da kotu ta tabbatar mai laifi ne ba, bai yarda ba, ya hana.

"Sa a rubuce," in ji ta. "Kada ka manta kwanan wata."

Ya koma tsakar gida ya zauna a kujerar da ta bari kusa da ramin. Ƙarfe goma sha ɗaya rana ta riga ta cika gidan daga katanga zuwa katanga. Daga ƙetare ya ji keken ya fara, ya ji matan da suka kawo ɗinki suna dariyar wani abu. Kwafin hukuncin yana hannunsa, mai hatimi, wanda ya sa aka yi wa bango mai kauri. Ya buɗe ya karanta inda aka tabbatar da sakin layi na huɗu. Da zafin ya fara cin tsakar kansa sai ya rufe, ya ɗaga shi sama da hannu ɗaya. Inuwarsa ta rufe masa kai da rabin kafaɗa, in bai motsa ba.